Yadda 'Yan Kwana-Kwana Suka Koyi Bin Shugaba Ɗaya

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya halicci wuta ya hore mana ita. Da ita a ke dafa tuwo, da ita maƙeri ke tausasa ƙarfe, a haskenta kuma almajirai ke biya allunansu da dare. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku malamai da attajirai masu duba wannan shafi, duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gobarar kasuwa cikin hunturu ya san mutane ba su yin kaɗan a wurin. Ga mai bokiti, ga mai gatari, ga mai rumfa yana kururuwa a ceci kayansa, ga 'yan kallo sun cushe hanya har motar kwana-kwana ta rasa inda za ta bi. Kowa yana ba da umurni, babu mai karɓa. In gari ya waye sai a ce ruwa ne ya yi kaɗan, ko motoci ne ba su isa ba. Sau da yawa gaskiya ne. Amma akwai wata ƙasa mai yalwar motoci da kuɗi da ma'aikata, wadda wuta ta yi wa ɓarna duk da haka, har mutanenta suka zauna suka binciki dalili, suka tarar rashin tsarin shugabanci ne babbar cutarsu. Labarinsu na ke so in kawo muku yau, tare da labarin wani hafsa da suka ƙago, wanda ba ya riƙe mesa, aikinsa kurum shi ne ya tsare rayukan masu kashe wutar. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wutar Kalifoniya

Ƙasar nan ita ce Amurka. Tun cikin 1904 suka soma ganin alamar cutar, sa'ad da wuta ta tashi a birnin Baltimo cikin watan Fabrairu, ta yi wajen awa 30 tana ci, ta ƙone gine-gine fiye da 1,500. Garuruwan maƙwabta irin su Washinton da Filadelfiya sun aiko da gudummawar mutane da kaya a jirgin ƙasa. Da suka iso sai bakin mesarsu ya ƙi ɗauruwa a famfunan Baltimo, gama kowane gari da irin awon da ya ke ƙera nasa. Daga nan aka fara maganar daidaita awon ƙarfe. Daidaita mutane kuwa sai da aka shekara 66 kafin a ɗauke shi da gaske.

A kudancin jihar Kalifoniya, can yammacin Amurka a bakin teku, akwai wata iska da su ke kira Santa Ana. Daga wajen hamada ta ke tasowa, ta ratso tsakanin duwatsu ta gangara teku. Busasshiya ce kamar iskar hunturunmu, sai dai ita da zafi ta ke zuwa, kuma ta kan zo bayan an yi watanni ba ruwan sama, ciyawa da ƙirare sun bushe ƙayau. A ƙarshen Satumba na 1970 ta taso da ƙarfi, wuta ta kama a wurare da yawa lokaci guda. Mafi girmansu ita ce wadda a ke kira wutar Laguna, gabas da birnin San Diyego. Ran 26 ga wata iska ta kada wayar lantarki, tartsatsi ya faɗa cikin ciyawa, kafin kwana ɗaya ya zagayo wutar ta yi tafiyar kusan mil 30. Ita kaɗai ta cinye eka fiye da 175,000. Da aka haɗa lissafin kwana 13 da wutar ta yi a jihar, sai aka ga mutum 16 sun rasu, gidaje fiye da 700 sun ƙone, daji kuma ya haura eka 500,000.

Ma'aikata dai sun fito, dubbai. Akwai na ma'aikatar gandun daji ta tarayya, da na jiha, da 'yan kwana-kwanan birane, da na gundumomi, kowace ƙungiya da hafsoshinta da motocinta. Ba wanda ya zarge su da ragwanci ko tsoro. To, me ya faru?

Abin da bincike ya nuna

Da masu bincike suka bi diddigi, sai suka tarar kowace hukuma ta kafa sansaninta dabam a bakin wuta guda, tana yin shirinta ba da sanin 'yar'uwarta ba. Na'urar oba-oba ta wannan ba ta jin ta wancan. Inda ma suka ji juna, kalmominsu ba ɗaya ba ne: sunan da wata hukuma ke kiran motar ɗaukar ruwa, shi wata ke kiran jirgin sama mai zubo ruwa. Wani hafsa ya kan sami mutane da yawa ƙwarai suna jiran umurninsa har ya kasa sanin inda kowa ya ke, wani ma'aikaci kuma ya sami umurni biyu masu karo da juna daga manya biyu. Babu wanda ke riƙe da lissafin motocin da ke aiki da waɗanda ke zaune. An ruwaito cewa motocin arewa da aka tura kudu sun riƙa gamuwa a kan hanya da motocin kudu da aka tura arewa, kowa na gudu zuwa wutar da ke ƙofar gidan ɗan'uwansa.

Saboda haka cikin 1971 majalisar dokokin Amurka ta ware kuɗi ta ba ma'aikatar gandun daji, ta ce a samo magani. Cikin 1972 hukumomi 7 suka haɗu a wani shiri da suka sa wa suna FIRESCOPE. Su ne ma'aikatar gandun daji ta tarayya, da ta jihar Kalifoniya, da ofishin gwamna mai lura da agajin gaggawa, da 'yan kwana-kwanan birnin Los Anjalas, da na gundumar Los Anjalas, da na gundumar Bentura, da na gundumar Santa Babara. Shekaru suka yi suna muhawara, gama ba hukumar da ke so ta sauka daga al'adarta ta bi ta wata. Abin da suka fitar daga ƙarshe shi ne tsarin shugabancin fage, watau ƙa'idar da za ta nuna wane ne shugaba a wurin da masifa ta auku, da yadda kowa zai tsaya a ƙarƙashinsa ko daga wace hukuma ya fito. Cikin 1982 aka karɓe shi domin kashe wutar daji a dukan ƙasar.

Ƙa'idodin tsarin

Ƙa'ida ta farko, kowane fage yana da shugaba ɗaya, kowane ma'aikaci kuma yana karɓar umurni daga mutum ɗaya tak. Wannan ba baƙon abu ba ne ga malamai, gama sun san hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito a kan naɗa shugaba ko ga matafiya uku. Hafsan da ya fara isa wurin shi ne shugaba, kome ƙanƙantar muƙaminsa, kuma wajibi ne ya faɗa a oba-oba cewa ya riƙe shugabanci, ya ambaci inda ya tsaya. In babba ya iso daga baya, isowarsa kaɗai ba ta mai da shi shugaba. Sai na farko ya yi masa bayanin abin da ke ci, da inda mutane su ke, da abin da aka nema bai iso ba tukuna, sa'an nan a sanar da kowa cewa shugabanci ya koma hannun wane. Ku duba yadda wannan ya yi kama da istihlafi cikin salla: in uzuri ya sami liman, ya kan jawo wani ya tsaya a matsayinsa, jama'a ba su zama babu liman ko na raka'a guda, ba su kuma bin limamai biyu.

Ƙa'ida ta biyu, kada mutum ɗaya ya shugabanci fiye da abin da idonsa zai iya tsarewa. Suka ƙayyade daga 3 zuwa 7, suka ce 5 ya fi. In aiki ya yi girma sai a rarraba mutane ƙungiya ƙungiya, kowace da babbanta. Malamin tsangaya mai almajirai 100 ya san wannan, shi ya sa ya ke ɗora gardawa a kan ƙolawa.

Ƙa'ida ta uku, harshe ɗaya. Kowane irin mota da kowane irin muƙami aka sa masa suna guda wanda kowa zai sani, aka kuma ce a bar maganar lambobi ta asiri a oba-oba, a yi magana sarai yadda baƙo zai gane.

Ƙa'ida ta huɗu, aka kasa aikin kashi 5. Akwai shugabanci. Akwai masu yaƙi da wutar kanta. Akwai masu shiri, waɗanda ke tattara labari da taswira da yanayin iska, su rubuta abin da za a yi cikin awoyi masu zuwa. Akwai masu guzuri, watau ruwa da mai da abinci da wurin kwana da gyaran kaya. Akwai masu lissafin kuɗi. Fatake da suka ji labarin ayarin Gwanja daga kakanninsu za su tuna madugu yana da jagaba mai sanin hanya, da uban dawaki mai lura da biyan kuɗin hanya, da malamin ayari mai rubutu, amma maganar tashi da sauka ta madugu ce. In wuta ƙarama ce, mutum ɗaya ya kan riƙe kashi biyar ɗin duka. In ta bunƙasa sai ya riƙa miƙa su ɗaya ɗaya, in ta lafa ya karɓe su.

Inda kuwa wuta ta ratsa iyakar hukumomi biyu ko uku, kowace da haƙƙinta a doka, sai manyansu su zauna a sansani guda, su yarda da shiri guda, umurni ya fita ta baki guda.

A wannan zamani kuma, a birnin Finiks na jihar Arizona, akwai wani hafsa mai suna Alan Brunacini, wanda ya shugabanci 'yan kwana-kwanan birnin daga 1978 zuwa 2006. Shi ya shirya irin wannan tsari domin gobarar gidaje da kantuna, wadda a kan ci ko a faɗi cikin mintoci kaɗan, ya wallafa littafi a kai cikin 1985. Babbar koyarwarsa ita ce shugaba ya tsaya wuri ɗaya a waje inda zai ga ginin, ya bar mesa ga masu mesa. A farkon shekarun 1990 aka zauna aka daidaita tsarinsa da na Kalifoniya.

Hafsan kiyaye hatsari

A gefen shugaban fage an ajiye mutum 3 masu kai magana gare shi ba tare da shamaki ba. Ɗaya mai yi wa jama'a da 'yan jarida bayani ne, ɗaya mai sadarwa da sauran hukumomi, na ukun shi ne hafsan kiyaye hatsari. Mai karatu zai ce, ashe tsare rayukan ma'aikata ba aikin shugaba ba ne? Lalle aikinsa ne, kuma ba ya sauka daga wuyansa. Amma idonsa yana kan wuta, kunnensa cike da maganar oba-oba, zuciyarsa kuma tana son nasara. Mutumin da ya ƙwallafa rai ga cin nasara ya kan ga hatsari ƙarami ko da babba ne.

Ga misali. Ran 1 ga Yuli 1988 wuta ta kama wani kantin sayar da motoci a garin Hakensak na jihar Niyu Jasi. Rufin ginin na katako ne mai lanƙwasa kamar baka, wanda ba shi da ginshiƙai a tsakiya, an kuma jibge kayan gyaran mota masu nauyi a cikinsa. Wutar tana cin katakon a sama, ma'aikata suna ƙasa suna neman hanyar kai mata ruwa. Rufi ya rufto, mutum 3 suka mutu nan take. Waɗansu 2 suka tsere cikin wani ɗan ɗakin ajiya, suka yi ta kiran taimako a oba-oba suna faɗin inda su ke, amma layin ɗaya ne kuma ya cika da magana, ba a kai gare su ba har iskar tulunsu ta ƙare. Mutum 5 ke nan, alhali babu ran kowa a cikin ginin da suka shiga ceto, sai dukiya. Har yau a kan karantar da wannan labari a makarantun kwana-kwana, domin a nuna abin da ke faruwa in babu wanda aka keɓe ya dubi rufi ya kuma saurari masu kira.

Ƙungiyar nan mai rubuta ƙa'idodin kare gobara a Amurka, wadda a ke kira NFPA, ta fitar da ƙa'ida a kan wannan hafsa tun 1977, kana cikin 1987 ta fitar da babbar ƙa'idar kiyaye lafiyar ma'aikatan kwana-kwana. An ba shi wani iko da ba a ba kowa ba in ban da shugaba. In ya ga hatsarin da zai halaka mutum yanzu yanzu, yana da ikon ya sauya aikin, ko ya dakatar da shi, ko ya hana shi ɗungum, ba sai ya nemi izini ba, sa'an nan ya sanar da shugaba nan da nan. In hatsarin mai jinkiri ne, sai ya kai magana ga shugaba shi ya yanke. Matsayinsa kamar na mamu ne da ya ga liman zai miƙe zuwa raka'a ta biyar ya yi masa tasbihi. Bai ƙwace limanci ba, bai kuma yi shiru salla ta ɓaci ba. Liman na kirki ya kan so a sami irin wannan a sahun farko.

Abin da a ke koya masa

Ba a ba sabon shiga wannan aiki. A kan zaɓi hafsan da ya daɗe yana shiga wuta, a ƙara masa karatu. Bayan dokar kare gobara ta 1974, gwamnatin Amurka ta kafa babbar makarantar kwana-kwana, wadda ta zauna a garin Emitsbag na jihar Merilan, ita da makarantun jihohi suka shirya darussa na musamman domin wannan hafsa.

Darasi na farko karatun hayaƙi ne, gama hayaƙi makamashi ne da bai gama ƙonewa ba. A kan koya masa ya dubi yawansa da gudunsa da kaurinsa da launinsa. In baƙi ne wuluk, mai kauri, yana fitowa da tunkuɗa yana murɗewa, to zafi ya cika ɗakin, saura kaɗan duk abin da ke ciki ya kama lokaci guda. In kuwa ɗaki a rufe ya ke, hayaƙi yana fita yana komawa ta gefen ƙofa kamar numfashi, to wutar tana jin yunwar iska ne, wanda ya buɗe ƙofar gaba gaɗi za ta fashe masa a fuska.

Na biyu sanin gini. Ƙarfe ba ya ƙonewa, amma in zafi ya kai wajen digiri 600 ya kan rasa kusan rabin ƙarfinsa ya lanƙwashe. Ruwan da a ke zubawa ma nauyi ne: lita ɗaya kilo ɗaya ce, mesa guda kuwa tana iya zuba lita 500 a minti, watau rabin tan. 'Yan kasuwa sun san nauyin dilar atamfa in ta jiƙe, to ku auna bene cike da diloli yana shan wannan ruwa rabin awa. An kuma koya masa katanga in za ta faɗi ta kan watsu fiye da tsawonta, don haka a kan janye mutane tsawonta ɗaya da rabi. Katanga mai ƙafa 20, a tsaya bayan ƙafa 30.

Na uku ƙidayar mutane da ƙidayar lokaci. Kowane ma'aikaci yana da alama mai sunansa wadda a ke maƙalawa a allo kafin ya shiga, domin a san wa ke ciki, ta wace ƙofa, tun yaushe. Tulun iskar da a ka rubuta masa minti 30 ya kan ƙare tun kafin haka in mutum yana aiki mai tsanani. Cikin 1998 hukumar kiyaye lafiyar ma'aikata ta Amurka ta wajabta cewa masu shiga gini mai ci su zama aƙalla 2 tare, a kuma bar aƙalla 2 a waje da shirinsu domin ceton na ciki. Akwai alamar janyewa da kowa ya sani, watau a danna ƙahon motoci a jere, wanda ya ji ya fito ko da yana ganin saura ƙiris ya ci nasara. Bayan an fito sai a kira suna.

Na huɗu lura da jikin ma'aikata. Mutane sun ɗauka harshen wuta ne ke kashe yawancinsu, amma lissafin shekaru masu yawa a Amurka ya nuna kusan rabin waɗanda ke mutuwa a bakin aiki zuciya ce ke tsaya musu, saboda zafi da nauyin kaya da wahala. Don haka hafsan nan ya kan tabbatar an fitar da wanda ya gaji, an ba shi ruwa, an duba shi kafin ya koma.

Na biyar shi ne ma'aunin da a ke auna kowane umurni da shi. In akwai ran da za a iya ceta, a yarda a shiga hatsari mai girma, amma da shiri da lissafi. In dukiya ce kurum, a ɗauki hatsari kaɗan. In kuwa abin ya riga ya halaka, kada a sa ran kowa a kansa. Malaman usulu da suka jera abubuwa 5 da shari'a ta zo ta kiyaye sun gabatar da rai a kan dukiya tun ƙarnuka da suka wuce, ga shi waɗannan mutane sun iso wurin ta hanyar jana'izar abokan aikinsu.

Akwai kuma abin da ya fi duk waɗannan wuyar koyo, shi ne hali. Ana so ya iya ce wa wanda ya girme shi a muƙami ya dakata, ba da raini ba. Ana so kada ya yawaita hani a kan ƙananan abubuwa, domin ran da ya ɗaga murya a san da dalili. Ana so ya riƙa kewaya ginin ta kowace fuska, kuma kome ya ga ana bukatar hannu kada ya ɗauki mesa, gama da zarar ya ɗauka an rasa mai dubawa.

Mutumin da ya tare ƙofa

Nauyin cewa a dakata ya bayyana a birnin Wusta na jihar Masacusets, ran 3 ga Disamba 1999. Wuta ta kama wani tsohon gidan ajiyar sanyi mai hawa 6 wanda aka daina aiki da shi, ba tagogi a samansa, cikinsa ɗakuna ne masu kama da juna. Aka ce akwai waɗansu marasa gida da ke kwana a ciki, ashe sun riga sun fita. Ma'aikata 2 da suka shiga nemansu suka ɓace cikin hayaƙi. Aka shiga neman waɗannan, wasu 4 suka ɓace. Sauran suka taru a ƙofa za su sake shiga, gama 'yan'uwansu ne a ciki. Sai hafsan da ke wurin, Mike McNamee, ya tsaya a bakin ƙofar ya tare ta da jikinsa, ya shaida musu an riga an rasa 6, ba zai ƙara ba. Waɗansu sun yi fushi da shi a wannan dare. Amma waɗanda ya hana sun koma gida wurin 'ya'yansu.

Yadda tsarin ya yaɗu

Bayan harin 11 ga Satumba 2001, inda 'yan kwana-kwanan birnin Niyu Yok 343 suka mutu, gwamnatin Amurka ta ga ya kamata 'yan sanda da asibitoci da dukan masu agaji su bi tsari guda, ta fitar da shi cikin Maris 2004 bisa harsashin da aka aza a Kalifoniya. Ƙasashe irin su Ostireliya da Kanada sun ɗauka sun gyara daidai da halinsu. Ya ma iso gare mu ta wata ƙofa. Sa'ad da cutar Ebola ta shigo Ikko cikin 2014, an kafa cibiya guda da shugaban fage guda, likitocin tarayya da na jiha da na ƙungiyoyin waje suka yi aiki ƙarƙashin shiri ɗaya. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ran 20 ga Oktoba na shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cutar ta ƙare a Nijeriya.

To, jama'a, yawancin abin da na lissafa ba ya bukatar sayen kome. Ina roƙon sarakunan kasuwa da shugabannin layi su zauna tun wuta ba ta tashi ba, su san wane ne zai yi magana da yawun kasuwa a ranar, wane ne zai buɗe hanya ya kore 'yan kallo, wane ne zai ƙirga mutane. In 'yan kwana-kwana sun iso, a nemi babbansu a gaya masa gaskiyar abin da ke cikin rumfuna, ko fetur ne ko tukunyar gas ko sinadari, sa'an nan a bar masa umurni. Kada kowane attajiri ya ja mesa zuwa rumfarsa. A kuma zaɓi dattijo guda wanda a ke jin maganarsa, a ba shi iko tun yau a gaban kowa, cewa in ya ce kada wanda ya shiga, to ba mai shiga, ko mai rumfar ne da kansa. Na ga inda mai dukiya ya riƙa yi wa samari alkawarin kuɗi su shiga su fito masa da diloli, rufin kwano yana ja wur a kansu. Yaran nan 'ya'yan wasu ne, kuma wanda ya tura su za a tambaye shi gobe kiyama. In da rai da rabo, kasuwa ta kan sake ci bayan gobara.

Malamai kuma su taimaka da wannan magana a wurin wa'azi da zauren karatu, gama mutane sun fi karɓarta daga bakinsu. Allah ya tsare mu da gobarar duniya da wutar lahira, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya mayar wa waɗanda suka yi hasara da mafi alheri, amin. Haza wassalam.